Tef Ɗaya

Yayana idan ya ce maka abu biyar ne, to ko gidan na ci da wuta biyar ɗin ne. Ba ragi, ba ƙari. A layin teloli babu mai kiransa da sunan yanka, Tef Ɗaya suke ce masa, har masu koyon da ba su gama iya sa zare a allura ba. Ni kuwa Auta nake, na ƙarshe a ɗakinmu, na ƙarshe kuma a aji duk shekarun da na yi ina ɗumama benci. Na yi gyaran waya, na yi haya da babur, na taɓa sayar da turare har na ƙarar da jarin a jikina. Sana'ar da ban taɓa yi wa fashi ba ita ce zuwa shagon Yaya da hantsi, don akwai fanka, kuma matarsa kan aiko da abincin da zai ishi mutum biyu in ɗayansu mai kunya ne. Yaya ne mai kunyar.

Sunan nan gadonsa ya yi. Babanmu tela ne, kuma maganarsa ɗaya ce har ya koma ga Mahaliccinsa: tela na gari da tef ɗaya yake auna mai kuɗi da talaka, ranar da ka ajiye tef biyu ka zama ɓarawo mai almakashi. Da aka zo rabon gado ni na ɗauki rediyo, na sayar kafin sati ya zagayo. Yaya ya ɗauki tef ɗin, wani rawaya na ƙyalle da lambobinsa suka fara gogewa, ya buga ƙusa a bangon shagonsa ya rataye shi daidai saman kwamfuta.

Abin dariyar shi ne Yaya bai iya yanka ba. Baba ya yi, ya yi, ya haƙura, don duk wandon da Yaya ya yanka sai ƙafa ɗaya ta girmi 'yar'uwarta. Amma ba shi fensir ka ga ikon Allah. Da injinan surfani masu kwamfuta suka shigo layin, irin waɗanda ake soka wa filash su yi ta caccakar yadi su kaɗai, sai aka rasa mai ba su abin ɗinkawa. Inji ba shi da ido. Sai an gaya masa inda allura za ta sauka, ta ina zare zai kwanta, ina zai juya, ina za a sassauta don kada yadi ya tattare. Wannan ne aikin Yaya. Zai zana fure ko ganye ko sarƙar wuyan riga a takarda, sannan ya zauna gaban kwamfuta ya bi zanen ɗigo bayan ɗigo, hancinsa kamar zai gogi gilashi. Fure ɗaya kan cinye masa kwanaki. In ya gama ya kai wa mai inji a gwada a ƙyalle, kuma kafin ya kalli gaban sai ya juya bayan. Yakan ce gaba na mai saye ne, baya na mai aiki.

Teloli su zo da filash ɗinsu ya zuba musu, su biya abin da ke rubuce da alli a ɗan allon da ke bango, su tafi. Wanda ya nemi ragi a nuna masa tef.

Sai dai a cikin kwamfutar akwai wani maƙogwaro da ba ya haɗiyar kuɗinmu. Manhajar da yake zanen da ita ba ta sayarwa ba ce, haya ce shekara-shekara, kuma da dala. Kowane zane yana da uwa da 'ya'ya. 'Ya'yan su ake zuba wa teloli, inji ya karanta, amma ba a iya taɓa su. Uwar ita ake buɗewa a gyara, a ƙara mata girma, a haifi wasu daga jikinta, kuma ba ta buɗuwa ko'ina sai cikin manhajar. Ranar da haya ta ƙare ba a biya ba, ƙofa za ta rufe da iyayen duka a ciki, sabon zane ma ba dama. Duk abin da Yaya ya zana tun yana saurayi har furfura ta fara leƙowa a gemunsa yana cikin wannan ɗakin hayar.

Cinikin layi kuma ya fara ja da baya, don tela ɗaya zai saya, goma su kwafa a wurinsa. Ni da ba ni da aiki sai shafar waya na gano masa wata kasuwa a intanet inda mutanen duniya ke sayen irin kayansa. Muka zauna buɗe shago. Komai ya tafi sumul har muka iso wani ɗan akwati.

"Me yake tambaya?" in ji Yaya.

"Wai da wane kuɗi za ka sa farashi. Ga namu, ga dala, ga wasu da in na faɗi sunansu harshena zai karye."

"Sa namu."

"Yaya, haya da dala kake biya fa."

"Da dala nake cin abinci?"

"To yi dabara mana. 'Yan layi ka bar musu allonsu, na waje ka sa musu dala, ka ɗan ɗaga. Mutumin da ke saya wa karensa riga ba zai ji komai ba."

Ya ɗaga yatsa ya nuna ƙusa. "Tef nawa ka gani a can?"

"Ɗaya. Amma Baba bai taɓa auna mutumin bayan teku ba."

"Da ya zo, da shi zai auna shi. Abin da ke allo shi za ka rubuta."

Na rubuta. In ka ci abincin mutum ba ka cika yi masa dogon musu ba.

Ba a daɗe ba waya ta fara kuka. Duk wanda ya saya sai ta yi wani ƙyit kamar ɗan tsako. Ranar farko Yaya ya miƙe tsaye ya karanta sunan ƙasar mai sayen da ƙarfi, ya tambaye ni ko can ma akwai teloli. Na ce a'a, ganye suke ɗaurawa. Ya jefe ni da alli yana dariya. Na fi shekara ban ga haƙoransa haka ba.

Kuɗin dai kafin su iso sai sun bi ta hannun mutane. Mai saye ya biya da kuɗin ƙasarsu, kasuwa ta gutsura ta canza, ta riƙe na wasu makonni wai don tsaro, banki ya karɓa ya gutsuri nasa. Abin da ke isowa kamar ƙanƙarar da aka aiko yaro da ita tsakar rana.

A shekarar ne kuma kuɗinmu ya kamu da ciwon rama. Mutane suka daina ce masa kuɗi, sai ganye. Ka shiga kasuwa da aljihu a kumbure ka fito da leda ɗaya tana lilo. Ɗan canjin bakin titi ya zama kamar likita, kowa ya wuce sai ya tambaye shi ya jikin. Abin mamaki, duk ranar da ganyen ya ƙara faɗuwa, wayar Yaya sai ta ƙara kuka. Shi a zatonsa suna ne ya fara tafiya.

"Yaya, ba sonka ne ya ƙaru ba," na ce masa. "A wurinsu arha kake ƙara yi. Furen da ya cinye maka kwanaki yanzu bai kai kuɗin cingam ɗinsu ba."

"Ni dai abin da na ce shi suka biya."

Wata rana da yamma na raka shi gida. Anti, matarsa, tana tsugune gaban firijinta tana ɗaura ruwa a leda, don sana'arta ke nan, ruwan sanyi da ƙanƙara. Ba ta ko ɗago ba.

"Sannu da zuwa, mai ciniki da ƙasashen duniya. Sarkin Cokali, kai ma sannu. An zo duba lafiyar tukunya?"

"Gaishe ki na zo yi, Anti."

"Gaisuwarka da cokali a aljihu take zuwa." Ta juya ga mijinta. "Baban yara, wayar nan kullum kuka take. Ina abin yake shiga? Ni dai a kicin ban gamu da shi ba."

"Yana zuwa."

"A rame yake zuwa. Mai shinkafa ya ƙara, mai gawayi ya ƙara, mai gida ya ƙara, ni ma na ƙara wa ƙanƙarata. Kai kaɗai ka tsaya a garin nan kamar turken wuta. In hayar kwamfutar nan ta zo, da me za ka tare ta? Da kirki?"

"Ba zan yi farashi biyu ba."

"Wa ya ce ka yi biyu? Yi ɗaya, amma da kuɗin da ba ya yoyo."

Ya juya maganar a ransa. Ɗaya dai ɗaya ce. Washegari ya goge allo, ya je wurin ɗan canji ya tambayi farashin ranar, ya mayar da kowane zane dala daidai wa daida, bai ɗora ko ƙwayar zarra ba. A intanet dala, a bango dala. Na ɗan lokaci abin ya yi kamar zai yi. Yoyon ya tsaya, har Anti ta fara sa mini nama biyu.

Sai Almakashi ya zo. Shi ne babban telan layin, injinansa sun fi na kowa yawa, kuma ba don iya yanka aka sa masa sunan ba, don harshe ne. Ya ajiye filash da kuɗi a tebur.

"Tef Ɗaya, zuba mini sarƙar nan ta wuyan riga, babbar."

Yaya ya duba waya, ya yi gyaran murya. "Da ɗan ciko. Canji ya motsa."

"Wancan satin ba haka na ba ka ba?"

"Farashin bai canza ba. Duba allo. Dala uku ne wancan satin, dala uku ne yau."

"Ni na taɓa ganin dala? Matata dala take dafawa? Da ganyen nan na biya ka, da shi zan biya ka, kuma ka ce in ƙaro. To wa ya ƙara? Aljani?"

Na sa baki. "Ranka ya daɗe, kuɗin ne ya rame, ba zanen ne ya yi ƙiba ba."

"Kai rufe mana baki, cima-zaune." Ya leƙa waje ya ɗaga murya yadda har mai guga na ƙarshen layi zai ji. "Jama'a, ku zo ku ga Tef Ɗaya! Ya koma tef ɗin roba, kullum da tsawonsa!" Ya dawo ya nuna tef ɗin da ke ƙusa da haɓa. "Sauke abin nan. Mai shi bai taɓa aika ni wurin ɗan canji kafin ya ɗinka mini wando ba."

Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Ranar Yaya bai taɓa abinci ba. Ni na cinye duka, kuma wallahi ban ji daɗinsa ba. Kafin a jima yara na bin bayansa suna cewa Tef Roba. Mutumin da bai mallaki komai a duniya ba sai sunan nan. Wata safiya na iso na tarar ya goge allo ya mayar da tsoffin lambobin, na ganye, yadda suke tun farko. Ya miƙo mini waya.

"Mayar da na ciki ma."

"Yaya, an gudu ba a tsira ba ke nan. Ka bar na waje a dala. Wa zai sani?"

"Ni."

Anti ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba sai ta bakin yara. Nama ya koma ɗaya.

Cikin masu saye akwai wani da ba mu san fuskarsa ba, hoton kyanwa mai tabarau ya sa, muka raɗa masa Mai Kyanwa. Da can ɗaiɗai yake saye. Da farashi ya koma ganye, wata safiya waya ta kama kuka ba ƙaƙƙautawa kamar an taka wutsiyarta. Mai Kyanwa ne. Ya bi shagon daga sama har ƙasa ya kwashe komai, fure, ganye, sarƙa, har wani kifi da Yaya ya zana wa 'yarsa don wasa. Yaya ya saya wa yara alewa. Ya ce mini, "Ka gani? Gaskiya ba ta kwana da yunwa."

Ni kuwa na tambayi kaina, wane tela ne ke buƙatar aikin shekaru a safiya ɗaya? Ban sha wahalar nema ba. A cikin kasuwar nan dai, ga sabon shago da hoton kyanwa. Furen Yaya a kan fararen matasan kai, sarƙarsa a bakin labule, an ɗauke su hoto da haske mai kyau, an sa musu sunaye masu daɗi. Farashi da dala, ninkin ba ninkin. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Na kai masa. Ya daɗe yana ja da yatsa.

"Ya iya ɗaukar hoto," ya ce.

"Yaya, sata ce!"

"Abin da na ce shi ya biya. Bai nemi ragi ba."

Duk da haka na matsa muka kai ƙara ga masu kasuwar, da ɗan guntun yaren da na tsinta a makaranta kafin ta gaji da ni. Amsa ta zo nan take, wani inji ya gode mana ƙwarai da gaske. Har yau godiyar muke ci.

Sai ga jan layi ya fito a saman manhajar: haya ta kusa ƙarewa. Abin da Yaya ya tara, har da na Mai Kyanwa, da a bara ne zai biya ya bar canji. Bana ko ƙugun hayar bai kai ba, kuma kullum gari ya waye ta ƙara nisa, kamar mai bin mota da ƙafa.

Na ce akwai abokina a kasuwar waya da zai sa masa irin manhajar ta bayan fage, kuɗin shayi kawai.

"Ana kwasar nawa, ni ma in je in kwashi na wani? Sai mu zama nawa a layin?"

Na koma gefe na raɗa masa ko a sayar da firiji. Ashe kunnen Anti ya fi na zomo.

"Sarkin Cokali, firijin nan shi ne mijina na biyu, kuma shi ke kawo cefane. Ka taɓa shi sai dai ka koma cin cokalin."

Ana cikin haka makarantar 'yarsu ta fari, wadda Yaya ke kira Mamana, ta ce a turo awon yara, su za su ɗinka musu sabbin kaya. Anti ta biyo ta shago da yarinyar, ta zare tef ɗin Baba daga ƙusa ta auna ta, ta tura lambobi. Da kayan suka zo, hannun riga ya tsaya tun kafin wuyan hannu, wando kuma ya ɗage sama kamar an yi ambaliya. Anti ta je makaranta da shirin yaƙi. Mai ɗinkin ta ɗauko nata tef ɗin ta auna kayan a gabanta: lamba ɗaya ba ta kuskure ba.

Ina shago suka shigo, Mamana a gaba cikin kayan tana jan hannun riga ƙasa. Anti ba ta yi sallama ba. Ta ture takardun zane, ta sauke tef ɗin Baba ta shimfiɗa a tebur, ta fito da sabo daga jaka ta jera su kai da kai. A farko lambobin suna tare. Can tsakiya suka fara rabuwa. A ƙarshe na Baba ya zarce da yatsa uku. Shekaru ana jansa a kafaɗun mutane, ya miƙe ba wanda ya sani.

"Ga tef ɗinka ɗaya," ta ce. "Lambar na nan, awon ya gudu."

Na buɗe baki zan ce ai yarinyar ce ta cika saurin girma, sai na ga fuskar Yaya na mayar da maganar ciki. Ya sa yatsa a inda tef biyun suka rabu. Fanka na juyawa, injin wani na caccaka a maƙwabta.

"Baba bai sani ba," ya ce a hankali.

"Da ya sani da ya jefar ya sayi sabo. Shi rigar mutane yake tsarewa." Ta kama hannun 'yarta. "Mu je, kafin a ce aro muka yi."

Bayan sun fita ya tura mini wayar ba tare da ya kalle ni ba.

"Sa musu dalar. Ka ɗaga yadda ka ce. Allo kuma a bar wa 'yan layi."

Abin da na roƙa tun ranar farko ke nan, amma hannuna bai yi murna ba. Na sa. Muka zauna jiran ɗan tsako.

Shiru. Duk wanda ya nemi fure a kasuwar, kyanwa yake fara gani, da hotunanta masu kyau da yabon masu saye jere a ƙasa. Waɗanda suka saba da arhar Yaya suka ga ya ɗaga suka watse. Wata mata ma ta rubuto, cikin ladabi, tana tambayar ko ba ya jin kunyar sayar da zanen Mai Kyanwa. Wannan ban fassara masa ba, na ce gaisuwa ce. A layi kuwa babu filash ɗin da ba ya ɗauke da aikinsa, don tun ranar Tef Roba har masu saye a da suka halatta wa kansu kwafa. Ihu bayan hari.

Abu ɗaya ya rage, ya zana sabo wanda kyanwa ba ta da shi. Ya fara wani tsuntsu mai buɗaɗɗen fiffike, babba, na bayan riga. Ban taɓa ganin ya yi abu mai kyau irinsa ba. Kowane gashi da inda zarensa ke kwanciya, ta yadda in haske ya sauya tsuntsun zai yi kamar ya motsa. Ya daina zuwa gwaji, ya daina hira, jan layin na sama yana kallonsa. Wuta ta ɗauke, ya jira, ta dawo, ya ci gaba. Na ce ya yi sauri, ya rage gashin, wa zai ƙirga? Ya ce bayan zai nuna.

Ya gama kai, ya gama jiki, ya gama fiffiken dama.

Rannan da safe ya kunna kwamfuta, sai wani akwati ruwan toka ya fito ya zauna a tsakiyar gilashi. Ya danna nan, ya danna can. Haya ta ƙare, ƙofa ta rufe. Ta bayan akwatin, dishi-dishi, kana hango tsuntsun da fiffikensa ɗaya a buɗe.

"Ko ba komai," na ce, "wannan ba zai iya tashi ya tafi wurin kyanwa ba."

Ya yi dariya. Da bai yi ba da ya fi mini. Ya kashe kwamfutar, ya ɗauko wani ƙyallen gwaji ya lulluɓe ta.

Shagon yanzu wani mai cajin waya ne a ciki, ya gaji fankar. Kwamfutar na ƙarƙashin gado a gida. Tef ɗin Baba kuwa, robar murfin firiji ta saki, Anti ta ɗaure murfin da shi, ta ce ko ba komai yana riƙe sanyi. Yaya ya gani ya wuce.

Aiki ya samu a wurin Almakashi. In inji ya gama surfani akwai zarurrukan da ke saura a baya, shi ke bi da ɗan ƙaramin almakashi yana tsinkewa, a biya shi da yamma. Nakan leƙa, ko da yake babu fanka, abincin kuma na mutum ɗaya ne ko da mai kunya ne. Kwanan baya na tarar Almakashi tsaye kan injinsa yana washe baki. Yanzu daga intanet yake sayen zane, ɗansa ke biya masa.

"Tef Ɗaya, zo ka ga aikin waje. Da dala na saya, ko ciniki ban yi ba. Da irin wannan kake yi da ba ka zauna nan kana tsintar zare ba."

Fure ne, an juya shi hagu, an sauya masa launi. Ina zaune a shago ranar da aka zana shi, har miya na ɗiga a takardar. Na ja numfashi zan yi magana, Yaya ya taka mini ƙafa. Ya karɓi yadin, bai kalli gaban ba, ya juya baya. Ya bi layin zaren da babban yatsa har inda yake ɓoye ƙullinsa, ƙarƙashin ganye na ƙarshe.

"Bayan yana da kyau," ya ce.

"Ai na gaya maka. Su can ba sa wasa." Almakashi ya wuce.

Yaya ya koma kan bencinsa ya ɗora yadin a gwiwa. Har yanzu yana ɗan ajiye wani abu a gefe duk sati don hayar manhajar, Anti ta sani ta yi kamar ba ta sani ba. Bai ɗago ba ya tambaye ni abin da yake tambayata kullum.

"Auta, ka biyo ta wurin ɗan canji?"

"Na biyo."

"Yau nawa?"

Ni da ban taɓa rasa abin ba'a ba, na laluba ko'ina ban samu ba. Na gaya masa. Ya gyaɗa kai, ya kama wani zare ya tsinke.